Yadda Na Tara Kakanni a Abijan

Wautar farko da na yi a wannan tafiya ita ce kwat. Duk wanda na taɓa gani ya dawo daga karatu a waje, da kwat mai nauyi yake sauka a tashar Maradi, sai na ɗauka ita ce shaidar ilimi, kuma duk ƙasar da ba tamu ba sanyi ake yi a cikinta. Na shiga wajen 'yan gwanjo na zaɓi wadda ta fi kowace kauri, baƙa, mai gashi a wuya kamar na bunsuru. Ba wanda ya tuna mini cewa Abijan za ni. Ko kuwa an tuna mini, ni ne ban saurara ba.

Da ita a jikina na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai, bisa buhunan gyaɗa, rana na dukan tsakiyar kai. Kafin mu kai Konni gumin da na zubar ya isa a dasa shinkafa. Wata mata da ke kusa da ni ta daɗe tana kallona, can ta ce, "Yaro, zazzaɓi kake?"

Na ce, "A'a, inna, ni likita ne."

Ta ce, "To, Allah ya ba likita lafiya."

Sunana Iliya, ɗan Madarunfa, gidanmu na kallon tafki. An kai ni lakwal, makarantar boko, tun ban isa ba don mutanen unguwa su huta, shi ya sa na gama karatun jinya a Yamai gemu bai ko yi niyyar fito mini ba. Daga nan aka ba ni bursu, wato tallafin kuɗi, in je ƙarin karatu, in koyi ɗaukar hoton cikin jiki, na ƙirji da na ƙashi. Kafin in taso na riga na cika baki. Na gaya wa samarin bakin tafki cewa in na dawo, kallo ɗaya zan yi wa mutum in faɗi abin da ya ci da rana. Sun yi alkawarin in na dawo hannu wofi, da ganga za su tarye ni tun daga hanyar Ɗan Issa. Na san su, za su aikata.

A Wagadugu ake hawa jirgin ƙasa. Ina zaune a tasha da kwat ɗina da ƙullin busasshen kifi da innata ta shirya mini, sai ga wani mutum da kaki da usur a wuya. Ya shinshina ƙullin, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Da Faransancin da ya fi na mushenmu, malamin lakwal da ya koyar da ni, ya ce kifi ba ya ƙetare iyaka sai da takardar likitan dabbobi. Ni kuma don kada a ce ɗan ƙauye ne, na gyara wuyan kwat na ce ai na san da wannan doka, mantuwa ce kawai. Da hannu biyu na miƙa masa, har da godiya. Jirgi na fara motsi na hango shi ta taga, ya tuɓe kakin, yana zaune a inuwa da abokansa, kifin Madarunfa a tsakiyarsu. Da muka haɗa ido ya ɗaga mini wutsiya ɗaya, alamar ya yi daɗi.

Yunwa ta ci ni har garin Bobo. Wata mata mai goyo da ke gabana, ba ta jin harshena ba na jin nata, ta ji cikina yana kiran sunan kowa a cikin taragon. Ta ɓare ayaba ta ɗora mini a gwiwa tana kallon waje, kamar ba ita ba. Da na cinye ta ƙara wata.

A Bobo wani dogon saurayi ɗan Mali ya zauna kusa da ni, Bakari. Hira ta kai mu ga gano cewa karatu ɗaya za mu. Ya tambaye ni garinmu, na ce muna da tafkin da tsuntsu ke guzuri kafin ya ƙetare shi. Bai yi gardama ba. Ya bari sai da muka shiga Abijan, jirgi ya hau gada, ruwa ya shimfiɗe hagu da dama har da jiragen ruwa masu hayaƙi, sannan ya zungure ni.

"Iliya, naku ya kai wannan?"

Na ce, "Irin wannan a wurinmu kwanoni ake wankewa a ciki."

Ranar Lahadi ya ja ni bakin teku. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar, ban gan ta ba. Bakari ya jira in yi magana, na ce masa iska ta yi yawa, mu tafi.

Garin bai karɓe ni da sauƙi ba. Ruwan sama kullum, kamar an huda sama an manta ba a toshe ba. Kwat ɗina ta yi funfuna, ta fito da wani kore-kore a kafaɗa, na ba maigadin asibiti, shi kuma ya shimfiɗa wa karensa. Abinci kuwa garin rogo ne da suke kira acake, safe da rana, in ka ci sai ka ji kamar ka haɗiye rairayi mai tsami. Na yi kewar fura har ina mafarkin ludayi. In abin ya dame ni sai in tafi kasuwa in tsaya kusa da masu tsire, 'yan ƙasarmu, ba don in saya ba, don in ji ana zagin juna da Hausa. Wani mahauci ɗan Tasawa ya gane ni. Duk sanda na je sai ya tura mini gutsattsarin nama a takarda ya ce, "Ci, ɗan lakwal, ka fi kama da mai jinya bisa ga mai ba da magani."

Karatun kansa bai ba ni wuya ba. Malaminmu, Mushe Kwasi, gajere ne mai sanƙo, bai taɓa ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. Ya koya mana sunayen ƙasusuwa, da ƙarfin wutar da za a ba inji ga siriri da ga mai jiki, da tsayawa bayan allon darma kafin a danna, don hasken injin ba abin wasa ba ne. A ɗakin duhu, inda ake wanke fim a ruwan magani, ba mai kamo ni. In aka kawo ɗan dako daga tashar jiragen ruwa ya karye a hannu, ko saurayi ya faɗo daga babur, nakan juya shi yadda nake so kamar waina, hoto ya fito tas.

Tsofaffi ne suka kusa mayar da ni gida.

Hoton ƙirji yana da tsayuwarsa. Mutum zai tuɓe riga, ya manna ƙirji da allon da fim yake ciki, ka ɗaga masa haɓa, ka ɗora bayan hannuwansa a ƙugu, sannan ka kama kafaɗunsa ka turo su gaba da ƙarfi, don ƙasusuwan bayan kafaɗa su kauce daga kan huhu. Duk da hannu ake yi, ba da baki ba. To ni, duk ɓarnar da na yi a Madarunfa, har da ɗaure wutsiyar jakunan mutanen Safo biyu ranar kasuwa, a bayan idon manya na yi ta. Babana in ya yi gyaran murya, gwiwoyina da kansu suke neman ƙasa. Ban taɓa kallon sa'ansa a ido ba. Yanzu a ce in dubi mai furfura in ce ya tuɓe, in kama masa haɓa kamar mai sayen rago, in danna masa ƙeya? Hannuna ya ƙi. Sai in tsaya can nesa, kaina a sunkuye, in ce, "Baba, in ba damuwa a ɗan matsa," ina nuni da leɓe. Su kuma su tsaya yadda ransu ya so.

Wata safiya Mushe Kwasi ya jera hotunana a gilashi mai fitila, gaban 'yan aji duka. Ya nuna ɗaya da bakin alƙalami.

"Iliya, wannan tsohon ina za shi?"

Na ce ban sani ba.

"Ya juya kamar an kira shi daga waje. Wannan kuma rawa yake?" Aji ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya zagaye wani farin wuri a hoton. "Ƙashin kafaɗa ya rufe rabin huhu. In akwai ciwo a ƙarƙashinsa, likita zai ce masa lafiya lau, ya koma gida ya mutu da ladabinka. In kuma aka sake ɗauka, ka ƙara masa hasken da bai kamata ya sha ba." Ya kashe fitilar. "Jarrabawar aiki ƙarshen damina ce. Ba a zaɓar wa kowa majinyaci, wanda layi ya kawo shi ne naka, kuma ka san su wa suka fi yawa a layin masu tari. Ka kawo mini irin wannan ranar, ka koma ƙasarku ka ci gaba da yin allura."

Na ji gangar samarin bakin tafki tun daga nan.

Bakari ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce in ɗauka buhun gero ne a gabana. Na gwada, amma buhun gero ba ya juyowa ya ce maka "ɗana". Ya manna auduga a haɓarsa ya rangwaɗa baya don in saba, na murɗe shi har ya yi ƙara, amma washegari da tsohon gaske ya shigo sai hannuwana suka koma bayan riga. Na fara lissafin ko in na faɗi zan zauna nan in koyi tsire.

Ana haka aka kawo wata tsohuwa mai sayar da goro, Bajuliya mai harshe irin na su Bakari, ƙarama kamar a saka ta aljihu. An ba ta rigar asibiti ta sa, ta tsaya gaban allo a karkace, ni kuma na tsaya inda na saba ina nuni da leɓe. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta faɗi wata magana da ƙarfi. Masu jira a baranda suka fashe da dariya, Bakari har da riƙe bango.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce wa ya zaɓa mata wannan miji, ƙafafu kamar sillen kara, ga shi kuma yana gudun amaryarsa."

Sai na ji kamar an buɗe taga a ƙirjina. Maganar kakata ce sak, ta garin Gabi, wadda ba ta taɓa kirana da suna ba sai "mijin banza". Na tuna kakana da nake fizge wa hula in gudu, in shanye masa fura, in ja gemunsa yana salati yana neman sanda. Babana yana gani bai taɓa hana ni ba, don tsakanin jika da kaka ba a shiga. Ashe duk tsawon nan kuskuren da nake yi shi ne ina mayar da kowane tsoho babana, alhali yawancinsu sun wuce nan da hawa guda. Kuma ashe mutanen nan ma sun san wannan wasa.

Na ce, "Bakari, gaya mata na sake ta. Ba na zama da mace mai tari. In tana so in mayar da ita, ta tsaya yadda na ce."

Ya faɗa mata. Ta tafa hannu, ta zazzaga mini abin da Bakari ya ƙi fassarawa. Kafin ta gama na kama kafaɗunta na turo gaba, na ɗaga haɓar. Hoton ya fito a miƙe kamar an auna da igiya. Da za ta tafi ta ɓalla goro ta ba ni rabi, ta ce kuɗin cefane ne tunda mijin ba ya kawowa.

Daga ranar na shiga tara kakanni. Na koyi "tsohon ɓarawo" da "matata" da "ba ka da haƙori" a harsuna huɗu ko biyar, wajen Bakari da masu shara da maigadi. Ba kullum ake dacewa ba. Wani mai furfura na ce masa ya tsufa har mutuwa ta manta da shi, ashe furfurar gado ce, sa'an babana ne, ya bi ni da lema har ƙofar ɗakin duhu. Tun daga nan sai na fara tambaya ko mutum yana da jika. In ya ce e, ya shiga hannu. Mushe Kwasi ya ce na mayar masa da ɗakin hoto kasuwa, amma ya daina tambayata inda tsofaffina za su.

Ranar jarrabawa masu dubawa suka zauna a gefe, Mushe Kwasi da wata likita Baturiya mai gilashi a ƙarshen hanci. Da aka kira sunana na leƙa baranda in ga rabona. Dogon tsoho ne ya miƙe, da babbar riga, lambobin yaƙi a jere a ƙirji suna ƙara in ya taka. A fuskarsa zanen Gobir ne tun daga baki har kunne.

Da baƙi nake wasan nan, da aron harshe, in ya ɓaci a ce yaro bai iya ba. Wannan na gida ne. Ya san abin da ya kamata da wanda bai kamata ba, kuma zai iya sanin wanda ya san babana.

Ya dube ni. "Kai, yaro, Bahaushe ne?"

"E, baba."

"Na ina?"

"Madarunfa."

"Ni na Tsibiri ne. Ɗan wa?"

Ban san sanda na durƙusa ba. Ga ni a ƙasa da farar rigar aiki, ina tambayar gajiya da iyali, Baturiya na leƙo ni ta saman gilashi. Da na samu na ce masa sai an tuɓe riga, murya can ƙasa, ya ce, "Ba ni tuɓe ma yaro riga. A kira babba."

Na ga Mushe Kwasi ya buɗe alƙalami.

Na ce, "Baba, kana da jikoki?"

"Har wanda ya girme ka. Mi ya kai ka?"

Na miƙe. Bakina ya riga ni. "Ashe kai ne. Tun a gida ake ba ni labarin wani tsoho da ya gudo bakin teku don kada jikokinsa su gaji hularsa."

Ya zuba mini ido har na fara tunanin a wace kasuwa zan kafa tukubar tsire. Sannan gefen bakinsa ya motsa.

"Ɗan banza mai kunnen jemage. Kakarka ce ta sa na gudo, ta matsa sai ta bar kakanka ta biyo ni."

"Da wannan tarin? Ko akuya ba ta bin ka. Tuɓe mu ga abin da ya rage."

"Lokacin da nike kwana cikin ƙarar igwa ubanka bai iya ɗaura wando ba."

"To waɗannan lambobin wa ka sace wa?"

Ya tuɓe rigar da kansa yana zagina, ya ninke ta lambobi a sama. A wuyansa akwai layu. Na cire su na damƙa masa a hannu na ce ya riƙe abinsa, tunda ba su yi masa maganin tsufa ba ni ma ba na so. Na manna shi da allo, na kama gemun na ɗaga, na turo kafaɗun, na ruga bayan allon darma.

Nan wasan ya juyo kaina. Tsohon ya fara dariya, dariya ta zama tari, duk jikinsa na girgiza. In na danna a haka hoton zai fito kamar hayaƙi, kuma fim ɗaya aka ba ni. Na jira ya lafa, muka haɗa ido ta ɗan gilashin da ke jikin allon darma, ya sake fashewa. Baturiya ta duba agogo.

Na cika ƙirji na daka masa tsawar da ake ƙamar da sojan Faransa. "Gardabu!"

Ya ƙame kamar icce, dariya ta ɗauke. Sai dai soja in ya ƙame, baya kafaɗarsa take komawa, dole na sake fitowa na turo su gaba. Ta gefen baki ya ce, "Za ni rama." Na koma, na ce ya ja numfashi ya riƙe, na danna.

Ina ɗaukar fim ɗin zuwa ɗakin duhu na ji Baturiya tana tambayar faɗan me muke yi. Mushe Kwasi ya ce, "Kakansa ne."

"Da gaske?"

"Yana da su da yawa a garin nan."

Da hoton ya hau gilashi, ƙasusuwan wuya biyu sun yi daidai da juna, na bayan kafaɗa sun koma gefe, huhu a buɗe tun daga sama har ƙasa. Can sama ta hannun dama, wajen gefe, ga wani tabo ya fito fili. Ni ma da ba likita ba na gan shi.

In ka je Madarunfa za a gaya maka masu jarrabawa sun ɗauke ni a kafaɗa har bakin teku, jiragen ruwa na busa. Ni na faɗa musu haka. Abin da ya faru shi ne Baturiya ta daɗe tana kallon tabon, ta ce a kwantar da tsohon a fara masa magani yau, ta yi rubutu kaɗan, ta ce a kira na gaba. Da aka kafe sunaye nawa yana tsakiya, ƙarƙashin na Bakari.

Tsohon ya rama. Duk sanda na kai masa gaisuwa sai ya tara 'yan ɗakin ya ce ga jikansa da ke fitsarin kwance har yau, kuma kafin wata ya ƙare, daga masu shara har Mushe Kwasi, ba mai kirana sai Kunnen Jemage. An sallame shi kafin in baro Abijan, da ƙafarsa ya fita, da magungunansa a aljihu. Ni kuma na dawo da difloma, aka ba ni ɗakin hoto a Maradi, ban cika shekara ashirin ba.